Zanen Tatsa

Ɗalibin da zai je hutu ba ya ɗaukar katifa. Wannan kowa ya sani, har mai ɗora kaya a tashar Kwatano. Ya dubi katifata, ya dubi bokiti da risho da buhun littattafai, sai ya tambaye ni ko kora ta aka yi. Na ce masa ya ɗaure abin da aka ba shi, ya bar abin da ba ruwansa. Ba kora ta aka yi ba. Na ma ci jarrabawar shekarar farko, ba da wani abin a zo a gani ba, amma na ci. Ni ce na kori kaina. Na ƙudurta a raina cewa daga wannan hutun ni da jami'a sai dai labari, kuma ban gaya wa kowa ba.

Sunana Salamatu. Rugarmu tana bayan Madekali, inda kabu-kabu ke kai mutum idan hanya ba ta yi caɓi ba. Mun daɗe muna maƙwabtaka da gari har harshenmu ya gauraye: Fulatanci a garke, Dendi a bakin rijiya, Hausa a kasuwar Malanbil, da kuma duk lokacin da Kaka ta so yi wa mutum tsiya. Ni ce ta farko a zuriyarmu da ta kai jami'a. Aka tura ni Kalabi, can kusa da teku, in karanci kiwo da lafiyar dabbobi. Ranar da zan tafi mutane suka yi ta cewa na huta, ai karatun shanu ne, ni kuwa a cikin shanu aka haife ni.

Ba wanda ya gaya mini cewa shanun makaranta ba su da suna. Lamba ce maƙale a kunnensu, ka kira saniya ba ta ko waiwayo. Ba wanda ya gaya mini cewa a can wanki yana kwana a igiya ya tashi da danshi, ko cewa duk abin da aka dafa sai an zuba masa manja. A aji Faransanci, a waje yaren Fon, ni kuwa ina tsakiya kamar akuyar da aka sayo jiya. Kewa ta kama ni tun makon farko, kuma ba ta sake ni ba. Ba kukan dare kaɗai ba. Sai ina zaune a aji malami yana zana cikin saniya a allo, in ji warin hayaƙin garkenmu a hancina sosai, har in waiwaya.

Abin kunyar da na riƙa yi shi ne, idan ba karatu sai in hau mota in tafi babbar kasuwar Kwatano, wajen da manyan motocin albasa ke sauke kaya daga Malanbil. Ba albasa nake saya ba. Tsayawa kawai nake yi ina shaƙar warin buhunan, ina jin direbobi suna zagin juna da Hausa da Dendi. Wata rana wani ya zagi ɗan'uwansa da irin zagin da ake yi a tasharmu, sai ga ni ina hawaye. Ya ɗauka albasa ce.

Abokiyar ɗakina, Sena, 'yar kudu ce, mutuniyar kirki, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Amma ita ce ta fi ƙona mini rai ba tare da ta sani ba. Uwarta takan zo daga garinsu da kwanuka a kai, tun daga bakin ƙofa tana rafka kiran sunanta. Ta rungume ta a gaban mutane, ta taɓa mata kumatu ta ce ta rame, ta zauna a kan gadonta tana tsefe mata kai. Ni sai in ɗauki bokiti in ce zan ɗebo ruwa, alhali randarmu cike take.

Ni 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka aka gada. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka Husaina, uwar babana, a can na girma. Inna, wadda sunanta Aisatu, ba ta taɓa cewa Salamatu ba a kunnena. Idan dole ta ambace ni sai ta ce waccan, ko ɗiyar tsohuwa. Ina gida wannan bai taɓa damuna ba, don ina ganinta safe da yamma, ina jin motsinta. Sai da na yi nisa na gane cewa shirun da ake yi kusa da kai daban yake da shirun da ake yi maka daga nesa.

Inna ba ta da waya. Idan ina son jin gida sai in jira ranar kasuwa in kira Hajiya Karimatu, 'yar kasuwa daga Kamba, wadda ta daɗe tana sarin man shanu da cuku a hannun Inna. Hajiya ta iya surutu. Za ta ba ni labarin farashin shinkafa, da wanda ya yi aure, da jandarman da aka sauya a bakin gada. Daga ƙarshe sai ta ce, "Ga uwarki nan kusa gare ni. Aisatu, amshi ki ji muryar ɗiyarki mana." Sai in riƙe numfashi. Daga nesa, cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar ludayi, sai in ji Inna ta ce, "Ki ce muna lahiya."

Shi ke nan, kowane mako. Suna lafiya, shanu lafiya, ba abin da ya ragu. Da farko ina jin daɗin hakan. Daga baya sai ya zame mini ciwo. Ashe an cire ni daga gidan kuma ko gurbi bai nuna ba. Na fara tsoron cewa idan na yi shekarun da karatun ke buƙata, zan dawo in tarar ni baƙuwa ce, a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, a tambaye ni yaushe zan koma. Can ba nawa ba ne, nan kuma yana rufewa a bayana. Wannan tsoron ne ya naɗe katifar.

Motar ta kwana a hanya, muka wuce Kandi da safe, muka wuce Gene rana ta ɗaga. Damina ta zauna, ko'ina kore shar. Da muka gangaro Malanbil na hango layin manyan motoci suna jiran duwan, wato kwastan, na ji warin kifi da albasa da kogi, sai ƙirjina ya buɗe. Ranar kasuwa ce, da gangan na zaɓe ta. Na sa mai kura ya tura kayana zuwa rumfar masu nono.

Matan rugarmu suka gan ni tun daga nesa. Kafin in ankara an yanyame ni, wannan ta riƙe hannu, waccan ta ja mayafi, ana cewa na yi fari, ana cewa na rame, ana tambaya ko da gaske ne ruwan teku gishiri ne. Hajiya Karimatu ta rungume ni har sai da ƙashina ya yi ƙara. Inna kuwa tana zaune a bayan ƙoranta tana auna wa wani mutum nono, ludayinta bai ko girgiza ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana duban ƙwarya. Sannan ta ɗaga ido, ba a kaina ba, a kan katifar da ke cikin kura, ta daɗe tana kallonta.

"Baƙi sun sha hanya," in ji ta, tana magana da Hajiya. "A ba su hura."

Baƙi. Kalmar da na yi tafiyar yini da kwana ina gudu, ita ce ta tarbe ni. Ta dama furar da kanta, ta tura wa Hajiya, Hajiya ta miƙo mini. Na cika na batse, na yi niyyar in ce na ƙoshi, amma yunwa ba ta san fushi ba, na shanye tas. Ba sukari a ciki, citta ta ji sosai, yadda nake so tun ina ƙarama. A lokacin ban ba wannan muhimmanci ba. Da Hajiya ta tambayi dalilin katifa na ce ɓeraye ne a ɗakin kwanan ɗalibai, ba a barin kaya. Ta ce Allah ya tsine wa ɓerayen kudu.

Kaka ba ta da wannan kunyar, tsakanin kaka da jika ai wasa ne. Tana ganina ta sauko daga kan turmi tana tafa hannu, ta ce Madam Kwatano ta iso, a kawo kujera da cokali. Ta shinshina wuyana ta ce ina warin sabulun Nasara, shanu za su gudu. Ta dubi katifar ta ce ashe yanzu haƙarƙarina ya fi ƙarfin tabarma. Muna cin tuwo da yamma, ruwa yana sauka a kan bukka, na gaya mata gaskiya cewa ba zan koma ba. Na shirya jin faɗa. Ta lashe yatsa ta ce miyar ta yi gishiri.

Da asuba na tashi da ɗokin shiga garke. Ina da wani tsohon zane shuɗi, mai ƙunar wuta a gefe, wanda nake ɗaurawa a kan kayana duk lokacin tatsa. Na bar shi rataye a ɗakin Kaka ranar da na tafi. Na laluba ban same shi ba. Na leƙa waje, gari ya fara wayewa, hayaƙin korar sauro yana tashi a garke, sai ga Inna tsugune a gindin wata saniya, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, zanena ɗaure a ƙugunta.

Raina ya ɓaci sosai. Wato har an raba kayana kamar na mutu. Ita da ba ta iya karɓar waya ta ce mini sannu, ta iya mayar da zanena tsumman aiki. Na koma ciki na tsaya a kan Kaka, na tambaye ta wa ya ba da zanena.

Kaka ta gyara zama, don ba abin da take so kamar a tambaye ta labari. Ta ce laifin Woɗe ne. Woɗe saniyata ce, ja, mai dogayen ƙaho. Uwarta ta mutu tana 'yar maraƙa, ni na raine ta, ina tsoma yatsa a madara tana tsotsa. Ta yi haihuwar fari kafin in tafi, kuma ni kaɗai nake tatsarta. Kaka ta ce washegarin tafiyata Woɗe ta ɗauke nono. A saki ɗan maraƙinta ya tsotsa, nono ya sauko, da Inna ta kai hannu sai ta janye shi sama, ta yi harbi, ta zubar da ƙwarya. Aka yi mata dabaibayi, aka ba ta dusa da kanwa, duk a banza. Sai Kaka ta tuna dabarar mutanen da: saniya da hanci take sanin mai ita. Ta ce a ɗaura zanen yarinyar, kada a wanke shi. Inna ta ɗaura, Woɗe ta shinshina, ta yi wani dogon numfashi, nono ya zubo.

Labarin ya taɓa ni, amma ta wajen saniya. Na ce a raina, to, a gidan nan dai akwai mai kewata, mai ƙafa huɗu. Inna kuwa nono take nema, ta samu. Na ɗauki ƙwarya na ce tunda mai zane ta dawo, sai a huta da aro.

Na shiga garke na kira Woɗe da kiran da ta sani. Shanu suka ɗago kai suka ci gaba da tuƙa. Na zaga bayan bukkoki, na duba igiyar maruƙa, na duba gindin tsamiya. Babu ita. Inna ta gama tatsa ta wuce ni da ƙwarya a kai, gefen zanen mai ƙunar wuta yana kaɗawa a ƙafarta. Na koma wajen Kaka na tambaye ta ina Woɗe.

"Tana tudu da ubanki tun hwarkon damina," in ji Kaka. "Ta ƙahe tun bazara, ciki gare ta. Wa ka tatsar saniya mai tsohon ciki, Madam? Abin da anka koya muku ke nan?"

Na ce to, idan Woɗe ta ƙafe tun bazara, kuma ba ta ma rugar, zanen fa?

Kaka ta ɗauki goronta ta gutsura, ta tauna a hankali, tana kallona da idon nan nata na tsiya. "Ni ma na tambaya," ta ce. "Anka ce mini wai sauran shanun sun saba da shi."

Sauran shanun Inna ce ke tatsarsu tun kafin a haife ni. Ba su taɓa buƙatar zanen kowa ba. Na zauna a bakin gadon Kaka da ƙwarya a hannu. Duk safiyar da na farka a Kalabi ina cewa ba wanda ya tuna da ni, a daidai lokacin Inna tana ɗaura warin jikina a ƙugunta. Na yi kuka, ba irin na makaranta ba, wannan mai sauƙi ne, yana fita ba ya shaƙe wuya. Kaka ta bar ni na yi, sannan ta ce idan na gama in wanke ƙwaryar, hawaye yana tsinka nono.

Wannan ya ƙara mini ƙarfin zama. Na ce tunda haka ne, ai magana ta ƙare, ga ni ga ta, ba sai an yi ta shinshinar tsumma ba. Na kwance katifata na shimfiɗa a ɗakin Kaka. Na tafi rijiya, na dawo na tarar an naɗe ta, an ɗaure, an ɗora a kan rataye. Na dubi ƙullin. Irin wanda ake yi wa saniya a ƙafa ne lokacin tatsa, mai saurin kwancewa idan ka san inda za ka ja, kuma a rugarmu Inna kaɗai ke juya bakin igiyar ta hagu. Na sauke, na sake shimfiɗawa. Washegari na dawo daga kai nono na tarar da ita a sama.

Haka muka yi ta yi har tsakiyar damina, ba wadda ta ce wa wata uffan. Kaka ta ce ita dai a bar mata ɗakinta ya huta, katifa tana hawa tana sauka kamar guga. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai, ya kuma ba ni haushi. Mace tana kewarka har tana ɗaura zanenka, kuma tana naɗe maka shimfiɗa. In tana so in zauna ta bar katifar. In tana so in tafi ta ba ni zanena.

A cikin kwanakin nan na koma aikin gida kamar ban taɓa barinsa ba. Na yi tatsa, na kaɗa mai, na dafa cuku da ruwan tumfafiya na rina shi da karan dafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai wani abu ya riƙa ba ni mamaki. Ina cire wa saniya kaska sai in ji sunan kaskar na littafi ya faɗo mini, da cutar da take kawowa, da shafin da na bari ban gama ba. Wata rana na kwance buhun littattafai don in duba abu ɗaya, ban farga ba sai da rana ta karkata. Sena ta kira ni ta ce uwarta tana tambayar 'yarta ta arewa, na ji wani abu mai kama da kewa, na yi maza na danne shi.

Da gero ya fara fitar da kai, mahaifina, Baba Bubakar, ya gangaro daga tudu da shanun da suka kusa haihuwa, don su haihu kusa da gida. Shi ma ɗan kunyar ne. Ya tsaya nesa, sanda a kafaɗa, ya tambayi Kaka ko mutanen kudu sun zo lafiya. Ban tsaya jin amsar ba, don na hango jajayen ƙahon nan a bayan garke.

Woɗe ta yi nauyi, cikinta har yana rinjayarta. Na kira ta. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta tako a hankali. La'asar ce, Inna ta fito da kaskon hayaƙi, kuma ko da yake ba lokacin tatsa ba ne, zanen shuɗin yana ƙugunta. Woɗe ta je wajenta ta shinshina, ta dawo wajena ta shinshina, ta tsaya a tsakani kamar mai lissafi. Sannan ta miƙo harshe ta lashi hannuna tun daga wuyan hannu har gwiwa, da kaushin nan da na sani. Na rungume wuyanta na ɓoye fuskata a jikinta.

Na ji Inna ta ajiye kasko. Ta zagayo ɗaya gefen saniyar ta fara cire mata kaska a bayan kunne. Ba na ganinta, sai hannunta da ke wucewa ta saman wuyan Woɗe. Ba kowa kusa. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar da take yi wa shanu.

"Woɗe, an ce mai ke ta zo da shimhiɗa, wai ba ta komawa."

Ban taɓa jin ta yi maganata ina tsaye ba. Na rasa yadda zan yi, sai na bi hanyar da ta buɗe. Na ce wa Woɗe ta faɗa cewa can ba daɗi. Ta faɗa cewa ba wanda ya san ni, ba wanda na sani. Ta faɗa cewa ina tsoron in daɗe, in dawo in tarar an saba da rashina.

Hannun Inna ya tsaya a kan kunnen saniyar.

"Woɗe, ke kin saba?" ta ce. Saniyar ta kaɗa jela. "Mai ke tana tsammani ita ɗai ka kuka. Ki gaya mata wurinta na nan, ba mai zama cikinai. Ta tahi ta ƙare abin da ta soma. Ban yi shekaru ina ɗaukar ƙwarya zuwa Malanbil ba don ta dawo ta amshe ni ɗauka."

Hawayena yana zuba a gashin Woɗe, ita kuwa tana tuƙarta hankali kwance, ko a jikinta.

"Sai dai abu guda," in ji Inna. "Zanen ga ya mutu. Ba sauran warin kowa gare shi sai nawa. Ga shi kin kusa haihuwa. In ba a bar muna wani ba, ban san yadda za mu yi da ke ba."

Ta ɗauki kaskonta ta wuce. A ranar ban sauke katifar ba, kuma ban sake sauke ta ba.

Na zaɓi zane mafi kyau a cikin waɗanda na zo da su, mai ruwan ganye, na ɗaura shi kullum har ƙarshen hutu. Na yi tatsa da shi, na yi daka da shi, na kwana da shi. Kaka ta ce Madam ta je jami'a ta koyo ƙazanta. Ranar tafiya na cire shi na rataye a kan igiyar maruƙa, ban ce wa kowa komai ba. Da na waiwaya daga kan kabu-kabu, babu shi a wurin.

Inna ba ta raka ni ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Hajiya Karimatu ce ta kai ni tasha, tana ta ba ni dabarun kashe ɓeraye. Sai da na isa Kalabi na kwance katifar, na ja bakin igiyar ta hagu, ta buɗe. A tsakiyarta akwai ɗan goran man shanu, an naɗe shi da wani zane baƙi mai ratsin fari wanda ya koɗe. Na san shi, shi ne wanda Inna ke yafawa idan tana dama fura. Hayaƙi, da nono, da citta. Na daɗe zaune da shi a fuskata. Sena ta shigo ta rungume ni, ta ga zanen, ta ce in kawo ta haɗa da wankinta. Na ce mata idan ta taɓa shi za mu ɓata har abada.

Kewa ba ta tafi ba, ƙarya ne in ce ta tafi. Har yanzu manja manja ne, wanki kuma ba ya bushewa. Amma na daina zuwa wajen motocin albasa, kuma saniya mai lamba a kunne da aka ba ni in kula da ita a gonar makaranta, na raɗa mata suna a ɓoye, har ta fara waiwayowa.

Bayan 'yan makonni, ranar kasuwa, na kira Hajiya. Ta ba ni labarin shinkafa da na aure da na bakin gada. Daga ƙarshe ta ce ga uwata nan, ta amshi waya mana. Inna ba ta karɓa ba, ban kuma sa rai za ta karɓa ba. Amma muryarta ta fi kusa da yadda na saba ji, kamar ta matso da kanta.

"Ki ce muna lahiya," ta ce. "Ki ce Woɗe ta haihu, mace. Ki ce tana ba da nono, zanen ya yi."

Hajiya ta maimaita mini duka, kamar ban ji ba. Zanen baƙin yana kafaɗata. Na ce, "Hajiya, a gaya wa Woɗe ni ma ban wanke nawa ba."

Hajiya ta ce ita fa ba ta gane wannan saƙon ba, wace irin magana ce mutum zai aika wa saniya. Ta dai faɗa. Sannan na ji dariyar Inna, gajeriya, irin wadda ake rufewa da bakin mayafi, kuma na daɗe ban ji ludayinta ya koma cikin ƙwarya ba.